Yadda Ake Gasa Yankakken Dankalin Turawa a Obin Ya Yi Ƙaras-ƙaras Ba Tare da An Tsoma Shi a Mai Ba

A gidaje da yawa na garin Bauchi, soyayyen dankalin turawa ya zama abincin da ba a rasa shi a karin kumallon ranar hutu, haka ma a farantin buɗa-baki idan azumi ya kama. Maƙwabtakarmu da Jihar Filato, inda ake noma mafi yawan dankalin turawan da ake ci a Najeriya, ta sa ba ya yi mana wuyar samu, domin motocin da ke ɗauko shi daga yankunan Bokkos da Mangu da Barkin Ladi ba sa yin doguwar tafiya kafin su sauke shi a Kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti. Yadda aka saba sarrafa shi kuwa sananne ne: a cika kasko da man gyaɗa, a tsoma dankalin ya yi iyo har ya soyu, a kwashe, sannan a soya ƙwai a ɗora a gefe.

Babu mai musun daɗin wannan suya, sai dai man da dankali ke sha a cikinta yana da yawa. Giram 100 na dankalin da aka tsoma a mai yakan ɗauke maiƙo kusan giram 15, alhali ɗanyen dankali kusan ba shi da maiƙo ko kaɗan. Idan kuwa aka gasa kilo guda a obin da cokali biyu na mai, wato kimanin giram 28, aka raba wa mutum huɗu, kowa zai tashi da giram 7 ne kawai. Ga kuma batun man suya da ake ajiyewa ana maimaita amfani da shi har ya yi duhu ya fara wari, wanda gashi yake raba mutum da shi gaba ɗaya. Wannan haɗin da za a bayyana babu nama a cikinsa, babu ƙwai, babu madara ko man shanu, saboda haka ya dace da masu bin tsarin nan na ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, waɗanda ake kira 'yan bigan, sunan da aka ƙirƙiro a Ingila a shekarar 1944. Ya kuma dace da wanda likita ya ce ya rage maiƙo, ko uwargidan da kawai ta gaji da tsayuwa a gaban kasko mai tartsatsi.

Ƙorafin da aka fi ji daga waɗanda suka taɓa gwada gashin shi ne dankalin yakan fito laƙwas, ya manne wa tire, gefe ɗaya ya ƙone ɗayan kuma fari fat. Ni ma haka nawa ya fito a karon farko, har na ɗora laifin a kan ƙarancin mai. Daga baya na gane cewa laifin na ruwa ne. Kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin ɗanyen dankali ruwa ne, kuma bayansa ba zai taɓa yin ƙaras-ƙaras ba sai wannan ruwan ya fita daga samansa. A cikin kasko, tafasasshen mai ne ke korar ruwan nan da nan. A cikin obin kuwa iska mai zafi ce kawai za ta yi aikin, ita kuma ba ta kai mai saurin isar da zafi ba, don haka dole mai girki ta taimaka mata. Duk matakan da ke tafe an tsara su ne domin wannan taimakon.

Zaɓen dankali a kasuwa

Aikin yana farawa ne tun a gaban mai sayarwa. A zaɓi manya-manya masu tsawo, domin su ne ke ba da dogayen yanka masu kauri iri ɗaya, a bar ƙananan nan masu kama da ƙwan zabo don fate ko miya. A matsa shi da hannu a ji ya yi tauri, ba ya lotsawa, fatarsa ba ta yi yaushi ba. Wanda ya fara tsiro kaɗan ana iya ƙwaƙule idon a yi amfani da shi matuƙar jikinsa na da ƙarfi, amma wanda fatarsa ta yi kore a yi hattara da shi. Koren alama ce ta cewa haske ya daɗe yana dukansa, kuma a irin wannan hali dankali yakan tara wani sinadari mai ɗaci da ake kira solanin, wanda ke iya jawo ciwon ciki da amai idan an ci da yawa, kuma zafin gashi ba ya kashe shi. Idan koren ɗan tabo ne a yanke shi da zurfi a yar. Idan ya mamaye jikin dankalin, a yar da shi ɗungurungum.

Ire-iren dankali ba ɗaya ba ne. Akwai mai gari, wanda idan an dafa shi yakan farfashe ya yi ɓurɓushi, akwai kuma mai danƙo, wanda yake riƙe jikinsa ko ya daɗe a wuta. Mai gari ya fi dacewa da gashi domin cikinsa yakan yi laushi kamar auduga. Cikin waɗanda manoman Filato ke shukawa akwai Nicola, mai danƙo ne sosai, akwai kuma Marabel mai rawayan ciki wanda ke tsaka-tsaki. Gaskiya ita ce mai sayarwa a kashi ko a bokiti ba lallai ne ya ambaci sunan iri ba, don haka tambayar da ta fi amfani ita ce: “Malam, wanne ne masu suya suka fi ɗauka?” Shi zai nuna. Sabon haƙa na tsakiyar damina, mai siririyar fata da ke saluɓewa da yatsa, ya fi ruwa, saboda haka yana bukatar ƙarin lokacin bushewa fiye da wanda ya kwana biyu a ajiye.

Idan an kawo shi gida kada a saka ɗanyensa a firij. Sanyi mai yawa yana mayar da wani ɓangare na sitacinsa sukari, sukarin nan kuma shi ne zai sa ya yi baƙi a obin tun cikinsa bai nuna ba. A zuba shi a kwando ko buhun algarara a wuri mai duhu da iska ke ratsawa, nesa da albasa.

Abin da za a tanada

Don mutum huɗu, a matsayin abin haɗawa da wani abincin, ana bukatar dankali kilo ɗaya, wato kamar manya biyar zuwa bakwai, da man gyaɗa babban cokali biyu, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya, da ruwan lemon tsami babban cokali biyu ko binega cokali ɗaya. Kayan ƙamshin kuwa su ne garin busasshen tattasai ƙaramin cokali ɗaya, garin tafarnuwa ƙaramin cokali ɗaya, garin citta rabin ƙaramin cokali, masoro rabin ƙaramin cokali, da garin barkono gwargwadon yadda mutanen gidan ke iya ci. Mai son kori ko tayim tana iya ƙarawa. Sitacin masara babban cokali ɗaya, irin wanda ake kaurara miya da shi, yana ƙara ƙarfin ɓawon, amma ba dole ba ne.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wajen mai ina ba da shawarar a bar ido a ɗauki cokali, domin hannun da ya saba da suya idan ya karkata galan ba ya tsayawa a cokali biyu. Man gyaɗa ya fi dacewa saboda yana jure zafi kuma ƙamshinsa ya saba da bakinmu. Man waken suya ma ya yi. Game da sinadarin ɗanɗano na dunƙule, wadda take dafa wa wanda ba ya cin kayan dabba ta karanta abin da aka rubuta a jikin takardar, domin wasu ana haɗa su da ɗanɗanon kaza ko na naman sa ko na jatan lande. Ɗan garin daddawa da aka busar aka daka ya yi laushi yana maye gurbinsa, amma a sa kaɗan ƙwarai, kamar abin da yatsu biyu za su ɗebo.

Yanka da jiƙawa

A wanke dankalin sosai da soso har ƙasar jikinsa ta fita. Fere shi zaɓi ne. Ni na fi son barin ɓawon idan fatar tana da kyau, domin yana ƙara harza a abincin, yana kuma yin ƙamshi idan ya gasu; amma yara da yawa ba sa son ganinsa, kuma idan fatar ta yi kauri ko tabo-tabo gara a fere.

Wajen yanka, a fara sare ɗan siririn yanki daga gefe ɗaya domin dankalin ya zauna daram a kan katako, kada ya mirgine wuƙa ta sami yatsa. Sannan a yanka shi fale-fale a tsaye, kowane falle kaurinsa kamar santimita ɗaya, wato kwatankwacin kaurin ƙaramin yatsa, a jera fallayen biyu-biyu a sake tsaga su a tsaye da wannan kaurin. Daidaiton kauri ya fi kyan siffa muhimmanci. Idan wani ya yi siriri kamar tsinke wani kuma ya yi kauri kamar rogo, siririn zai zama gawayi kafin mai kaurin ya nuna, kuma babu dabarar da za ta gyara wannan bayan an rufe obin. 'Yan guntayen da suka rage a gefe a ware su, a jefa a miya.

Ana yankawa ana zubawa a roba mai ruwan sanyi, domin dankalin da aka bari a iska yakan canza launi. Idan an gama a cuɗa shi da hannu, za a ga ruwan ya yi fari kamar an dama ƙullu. Sitacin da wuƙa ta fasa ne ya fito. A zubar, a sake sabon ruwa, a bar shi ya jiƙa na minti 30. Wannan sitacin na waje shi ne ke sa yankan su manne wa juna, kuma tare da shi ruwan yana wanke wani ɓangare na sukarin da ke saman dankalin, wanda ke sa saurin ƙonewa. Wadda take son rage aikin safe tana iya yanka shi da dare ta bar shi cikin ruwa a firij; sa'o'i kaɗan na sanyi ba su da illa, doguwar ajiya ce ake gudu.

Tafasa da busarwa, inda aka fi yin kuskure

Wasu suna tsallake tafasa su kai ɗanyen dankali obin kai tsaye. Zai nuna, amma cikinsa yakan bushe kafin bayansa ya yi ja, sai a sami abu mai tauri kamar fata. Gajeriyar tafasa tana dafa sitacin da ke saman kowane yanka ya kumbura, idan kuma ya bushe a obin shi ne yake zama ɓawon nan mai ƙara a baki.

A ɗora ruwa kamar lita biyu a tukunya, a zuba rabin gishirin da ruwan lemon tsamin ko binegar, a bari ya tafasa sosai, sannan a zuba dankalin. Daga lokacin da ruwan ya sake tafasa a ƙirga minti biyar zuwa shida. Alamar ya isa ita ce idan aka ɗauki ɗaya aka lanƙwasa zai ɗan ba da kai ba tare da ya karye ba, bakin wuƙa kuma zai shiga gefensa amma ya ji turjiya a tsakiya.

Amfanin tsamin yana da ban sha'awa, kuma duk wadda ta taɓa dafa wake za ta gane shi ta bayan gida. Muna jefa kanwa a tukunyar wake ne domin ya yi saurin laushi, saboda kanwa tana narkar da wani abu mai kama da danƙo da ke riƙe ƙwayoyin tsiro da juna. Tsami kuwa akasin haka yake yi, yana ƙarfafa wannan danƙon, shi ya sa wake ke ƙin nuna idan aka yi gaggawar zuba masa tumatir. To a nan ƙin farfashewar muke nema: tsamin yana ba dankalin damar dahuwa ba tare da ya kakkarye a hannu ba, kuma ɗanɗanonsa ba ya fitowa bayan an gasa. Don haka kada a kuskura a sa kanwa ko bakar hoda a wannan ruwan, sai dai idan fate ake son ci.

Da zarar lokaci ya cika a juye a kwalanda a hankali, a bar shi minti ɗaya ya tsane, sannan a shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan babban faranti ko tebur, a baza dankalin ɗaya bayan ɗaya tun yana da zafi. Kada a ɗauraye shi da ruwan sanyi, kada kuma a rufe shi. Zafin da ke jikinsa ne zai kori ruwan, za a ga tururi na tashi, bayan minti goma zuwa sha biyar kuma samansa zai daina sheƙi ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Wannan shi ne abin da ake jira. A lokacin hunturu, da iskar Bauchi ke bushe leɓe da tafin ƙafa, minti goma ma ya isa. A watan Agusta kuwa, da iska ke cike da laima, gara a kunna masa fanka ko a bi shi da wani busasshen tsumma ana dannawa a hankali. Idan aka taɓa shi aka ji danshi a yatsa, bai shirya ba, komai saurin da ake yi.

Mai da kayan ƙamshi

Tun dankalin yana shan iska a kunna obin a kai shi digiri 220 a ma'aunin Selshiyos, wato 425 a ma'aunin Farenhait, ko lamba 7 a obin ɗin gas mai lambobi, a kuma saka tiren gashin a ciki babu komai a kansa domin ya ɗauki zafi. Idan obin ɗin mai fanka ne a ciki, digiri 200 ya wadatar. A ba shi aƙalla minti 15 yana zafi.

A zuba busasshen dankalin a babbar roba, wadda ta fi shi girma sosai. Idan za a sa sitacin masara, yanzu ne za a barbaɗa shi a girgiza robar har ya ɓace a jikin dankalin. Sai a kawo mai a yaryaɗa, a sa hannu biyu ana ɗagowa daga ƙasa ana saki a hankali, har kowane yanka ya yi ɗan sheƙi ta ko'ina. Hannu ya fi ludayi a nan domin ba ya karya shi, kuma yana jin wurin da mai bai kai ba. Idan aka ga mai ya kwanta a gindin robar, ya yi yawa.

Kayan ƙamshi kashi biyu ne, kuma rashin bambanta su ne ke sa wasu su ji ɗaci. Garin citta da masoro da kori da tayim suna iya shiga tun farko tare da mai. Garin tattasai da garin tafarnuwa da barkono kuwa ba sa jure minti arba'in a irin wannan zafin, sukan yi baƙi su yi ƙauri. Waɗannan a haɗa su da sauran gishirin a ɗan kofi a ajiye, sai saura minti biyar a sauke, ko kuma da zarar an fito da dankalin yana tururi. Haka ma yajin ƙuli, irin na masu tsire. A ganina babu wani haɗin ƙamshi na ƙasashen waje da ya kai shi dacewa da gasasshen dankali, amma da yake gyaɗa ce a cikinsa, saurin ƙonewarsa ya fi na kowa, don haka ba ya shiga obin sam. A ƙarshe ake barbaɗa shi. Idan na kasuwa ne a tuna cewa yawanci an riga an sa masa gishiri da dunƙule, sai a rage gishirin haɗin, wadda kuma take kiyaye kayan dabba gara ta daka nata da ƙuli-ƙuli da citta da barkono da kanumfari kaɗan. Kuma a tambayi baƙi ko akwai wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba.

Game da gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokali ɗaya, a duk abin da zai ci. Gishirin da aka barbaɗa a ƙarshe ya fi fitowa a harshe, don haka kaɗan ma yakan isa, abin da zai amfani masu hawan jini.

Gashin kansa

A fito da tiren mai zafi da tsumma mai kauri, a shimfiɗa takardar gashi idan akwai, in babu a shafa masa ɗan mai. A jera dankalin ɗai-ɗai, kowanne ya kwanta a kan tiren, a bar tazara tsakaninsu ko da ta kaurin tsinken ashana biyu ce. Jin ɗan cuwwa lokacin da ya taɓa ƙarfen alama ce mai kyau. Idan aka tara shi bisa juna, tururin da ke fita daga na ƙasa zai jiƙa na sama, sai a wayi gari an turara dankali maimakon a gasa shi, duk wahalar busarwar da aka sha ta tafi a banza. Kilo guda yakan bukaci manyan tire biyu. Idan tire ɗaya ne a gidan, a gasa sau biyu.

A saka a tsakiyar obin ko ɗan sama da tsakiya, a rufe, a bar shi minti 20 ba tare da an buɗe ba, domin duk buɗewa tana zubar da zafi. Bayan haka a fito da shi a gwada ɗaga ɗaya da siririn cokalin juyi. Idan ya saki tiren da kansa kuma ƙasansa ya yi ja, a juya su duka. Idan ya manne kada a tilasta masa, a mayar a ƙara minti biyar, domin idan ɓawo ya yi shi da kansa yake sakin ƙarfe. Wajen mayarwa a juya tiren, gaba ya koma baya, tunda kusan kowane obin yana da gefen da ya fi zafi. Idan tire biyu ne a sauya musu hawa. A ƙara minti 15 zuwa 20, daga minti na goma kuma a riƙa leƙawa ta gilashi.

Obin ɗin gas da ke haɗe da murhu, wanda ya fi yawa a gidajenmu, wutarsa daga ƙasa take, kuma sau da yawa lambobin jikinsa ba sa faɗin gaskiya. Ƙaramin ma'aunin zafi na cikin obin yana warware wannan matsala. Idan babu shi akwai gwaji mai sauƙi: sukari yana narkewa a kusan digiri 186, don haka a zuba rabin cokali a kan takardar foyil a saka bayan obin ya yi zafi, idan minti 15 suka wuce bai narke ba, wutar ba ta kai ta gasa dankali ba, a ƙara ta. A irin wannan obin a guji hawan ƙasa, domin gindin dankalin zai ƙone samansa bai motsa ba. Mai obin na lantarki kuwa idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, ta fito da tiren ta bar shi a buɗe, kada ya zauna a rufe yana gumi. Idan wuta ta dawo a sake zafafa obin a ci gaba, ko a ƙarasa a busasshen kasko mai faɗi a kan matsakaiciyar wuta.

Wadda ba ta da obin tana iya amfani da dabarar da ake gasa kek da ita, wato babbar tukunya da yashi a gindinta, a ɗora ƙarfe ko duwatsu uku, a aza faranti a kai. Bambancin kawai shi ne kek yana son a rufe shi ruf, dankali kuwa yana son tururinsa ya sami hanyar fita, don haka a ɗan karkace murfin, a zuba garwashi a kansa domin zafi ya zo ta sama, a kuma riƙa gasa kaɗan-kaɗan. Ba zai kai na obin ƙarfin ɓawo ba, amma zai fi dafaffe nesa ba kusa ba.

Launin da ake nema shi ne ruwan zinariya, gefuna kuma su ɗan fi duhu. Kada a bari ya koma launin ƙasa mai duhu da sunan neman ƙarin ƙaras-ƙaras. A shekarar 2002 masu bincike a ƙasar Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci da aka soya ko aka gasa a zafin da ya haura digiri 120 yana samar da wani sinadari mai suna akirilamaid, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo cutar. Yawansa yana ƙaruwa ne gwargwadon duhun abincin, kuma wannan ya shafi gashi kamar yadda ya shafi suya. Jiƙawa da tafasawar da aka yi tun farko suna rage shi, sauke dankalin da wuri kuma yana ƙara ragewa.

Kai shi gaban masu ci

Da an fito da shi a juye a roba mai faɗi, a barbaɗa haɗin tattasai da tafarnuwa da gishiri, ko yajin ƙuli, a girgiza sau biyu ko uku, a bar shi minti biyu a buɗe ya sha iska, a kai. Babban abin da ke lalata shi a wannan gaɓa shi ne al'adarmu ta zuba abinci a kula a rufe har maigida ya dawo. Minti goma a cikin kula sun isa su mayar da shi laƙwas. Idan dole sai an jira wani, gara a tsaya a matakin busarwa, a shiga gashi idan an ji sallamarsa.

Mayonis da aka saba dangwalawa da ƙwai ake yin sa, don haka ba ya cikin wannan tsarin. Madadinsa shi ne a niƙa ɗanyar awara mai laushi, wadda aka tafasa ba a soya ba, tare da ruwan lemon tsami da tafarnuwa ƙwaya ɗaya da ɗan gishiri da cokalin mai, har ta yi sumul. Ko kuma a gasa tumatir da tattasai da albasa da attarugu a gefen obin lokacin da dankalin ke ciki, a jajjaga su a yi ɗan miyar dangwale. Dankali shi kaɗai ba ya ƙosar da jiki abin da yake bukata na gina jiki, saboda haka a haɗa shi da dafaffen wake, ko alalen da ba a sa wa ƙwai da kifi ba, ko gasasshiyar awara, da kwaɗon zogale ko salak na kabeji da karas a gefe. Mai ciwon sukari ya sani cewa gashi maiƙo kawai ya rage, sitacin yana nan yadda yake, don haka ya ɗibi kaɗan ya cika farantinsa da ganye da wake. Mai ciwon ƙoda da aka hana shi abinci mai yawan fotasiyam kuma ya tuntuɓi likitansa, domin dankali yana cikin masu yawansa.

Dankalin Hausa ma yana gasuwa ta wannan hanya, sai dai da yake ya fi zaƙi ya fi saurin ƙonewa, don haka a tsallake tafasa, a jiƙa shi a busar, a sa masa sitacin masara, a gasa a digiri 200. Abin da ya rage na kowanne daga cikinsu a bari ya huce, a saka a firij cikin sa'o'i biyu, a ci kafin kwana uku. Wajen ɗumamawa a baza shi a tire a mayar obin mai zafi na minti bakwai zuwa goma, ko a jujjuya shi a busasshen kasko har ya dawo da ƙararsa.